Mukullin Kwamfutarka Yana Hannun Wa? BitLocker da Batun Ƙaura Zuwa Linux

A watan Janairun 2026 mujallar Forbes ta fitar da wani labari da ya tayar da ƙura a tsakanin masu harkar tsaron kwamfuta. Hukumar FBI tana binciken wata badaƙala a tsibirin Guam, yankin Amurka da ke can cikin tekun Fasifik, inda ake zargin wasu da wawure kuɗin tallafin da aka ware wa waɗanda suka rasa aiki a lokacin annobar korona. Jami'an sun ƙwace kwamfutocin tafi-da-gidanka guda uku, suka tarar duk an garƙame su da BitLocker, kwadon da Windows ke kulle ma'ajiyar kwamfuta da shi. Ba su fasa kwadon ba. Takardar kotu suka ɗauka suka kai wa Microsoft, shi kuma ya miƙa musu mukullan. Da aka tuntuɓi kamfanin bai musa ba. Ya ce yakan samu irin wannan buƙata kusan sau 20 a shekara, kuma in dai mukullin yana wurinsa, takardar kuma ta cika ƙa'ida, yakan bayar.

Tambayar da ta fi damun jama'a ita ce yadda aka yi mukullin ya je hannun Microsoft tun farko. Mutum ya sayi kwamfuta da kuɗinsa, ya zuba hotunan iyalinsa da takardun kasuwancinsa, an ce masa a kulle take, ashe akwai safayar mukulli a aljihun wanda ya ƙera kwadon. Nan da nan wasu suka yanke shawara: sun bar Windows, sai Linux, wata babbar manhaja ta kyauta da ake ɗorawa a madadin Windows. Ni ma ina ganin ƙaurar tana da hujja. Amma na ga yadda mutane ke yin asarar bayanansu a tsakiyar hanya, kuma na ga wanda ya koma Linux ya zauna da ma'ajiya a buɗe yana tsammanin ya tsira. Saboda haka kafin a ɗaure kaya, gara a san yadda kwadon yake.

Yadda kwadon yake aiki

Kalmar sirrin da kake bugawa idan kwamfuta ta tashi, ita kaɗai ba ta kare komai. Kamar sakata ce a ƙofar zaure, alhali katangar bayan gida ta zube. Duk mai gyaran kwamfuta ya san haka: a kwance ma'ajiyar, a jona ta da wata kwamfutar, sai ga fayilolinka nan reras, ba wanda zai tambayi kalmar sirri. Da haka ne ma ake ceto wa mutane kayansu idan kwamfuta ta mutu. Da haka kuma ɓarawo ke karanta abin da ke cikin wadda ya sata.

Kulle ma'ajiya wani abu ne daban. Ana mayar da duk abin da aka rubuta a kanta ya zama zaurance, irin wanda ba mai gane shi sai wanda ya san ƙa'idar juyawa. Ƙa'idar da kusan kowa ke amfani da ita yau sunanta AES. Wasu masana biyu 'yan Beljiyam, Joan Daemen da Vincent Rijmen, suka ƙirƙiro ta, Amurka kuma ta ɗauke ta a matsayin ma'auninta a 2001. Ita BitLocker ke amfani da ita, ita Apple ke amfani da ita, ita Linux ke amfani da ita. Ƙaramin mukullinta ma, idan aka ƙidaya yawan mukullan da za a gwada kafin a dace, adadin yana da lambobi 39 a jere. Babu kwamfutar da za ta gama wannan lissafi. Don haka a cire wa rai cewa kwadon wani kamfani ya fi na wani ƙarfin ƙarfe. Duk rigimar a kan inda aka ajiye mukulli take.

A nan ne ya kamata a nutsu. Ainihin mukullin da ke juya bayananka ba ka taɓa ganinsa ba, kuma ba za ka gan shi ba. Yana cikin wani ɗan akwati a jikin ma'ajiyar, shi ma akwatin a kulle. Amma akwatin yana da ƙofa fiye da ɗaya, kuma duk wadda aka buɗe, an kai ga mukullin.

Ƙofar farko tana hannun wani ɗan guntun na'ura da ke cikin kwamfutar, ana ce masa TPM. Ka ɗauke shi kamar maigadin da ya haddace fuskar masu gida. Duk lokacin da aka kunna kwamfuta, yana auna duk abin da ya tashi kafin Windows: saitin babban allon da ke cikin kwamfutar (motherboard), manhajar da ke tada Windows, da sauransu. In ya ga komai yadda ya saba, sai ya saki mukullin shiru, kai ba ka ma san an yi ba. In ya ga baƙuwar fuska, sai ya ƙi. Wannan ne dalilin da ya sa mutane da yawa ma'ajiyarsu a kulle take shekara da shekaru ba su sani ba.

Ƙofa ta biyu ita ce ta ko-ta-kwana: lambobi 48, an raba su gida takwas, kowane gida shida. Ranar da maigadi ya ƙi buɗewa, shuɗin allo ne zai tare ka yana neman waɗannan lambobi. Wanda ya riƙe su ba ya buƙatar kalmar sirrinka, ba ya buƙatar yatsanka ko fuskarka, ba ya ma buƙatar kwamfutar gaba ɗaya. Ma'ajiyar kawai ta ishe shi. Waɗannan lambobi su ne FBI ta karɓo a shari'ar Guam.

Hanyar da lambobin suka bi

BitLocker ya fito ne tare da Windows Vista a 2007, kuma a lokacin na manyan ofisoshi ne da masu tsadar lasisi. Mai kula da kwamfutocin ofis shi ke kunnawa, shi ke adana lambobin. Daga Windows 8.1 a 2013 aka fara kunna shi da kansa a wasu kwamfutocin gida, bisa sharaɗi guda: da zarar ka shiga da asusun Microsoft, sai a tura kwafin lambobin nan 48 zuwa asusun, sannan a ɗaure kwadon. Ba sabon sirri ba ne. Tun a Disambar 2015 jaridar The Intercept ta yi rubutu a kai, masana suka yi ƙorafi, maganar ta kwanta. Abin da ya canza shi ne yawa. Windows 11 da ya fito a 2021 ya wajabta TPM. Fitowarsa mai suna 24H2 ta shekarar 2024 ta sassauta sharuɗɗan da kwamfuta za ta cika kafin kwadon ya kunnu da kansa, ta yadda kwamfutoci da dama da a da ba sa shiga wannan tsari yanzu suna shiga idan aka ɗora musu Windows sabo fil. A lokaci guda kuma kamfanin yana ta toshe hanyoyin da mutane ke bi su kammala saita Windows ba tare da asusun Microsoft ba. Haɗa biyun, sai ka ga mai sabuwar kwamfuta an bi da shi ta lungu ɗaya tilo, kuma a ƙarshen lungun mukullinsa na kan sabar kamfani, wato babbar kwamfutar da yake adana bayanai.

Wanda ya dage ya yi amfani da asusun cikin kwamfuta kawai, shi ma akwai abin da ya kamata ya sani. A irin wannan hali Windows yakan juya bayanan su zama zaurance, amma ya bar mukullin a fili a jikin ma'ajiyar, yana jiran ranar da za a shiga da asusun Microsoft. An rataya kwado ke nan ba a danna ba.

Adalci ya sa in faɗi dalilin Microsoft, domin dalili ne mai nauyi. Mutane suna mantuwa. Babban allon cikin kwamfuta yana ƙonewa, musamman a inda wuta ke zuwa da ƙarfi ta ɗauke ba sallama. Sabunta manhajar allon ma kan sa maigadin nan ya daina gane fuska. In babu kwafin lambobin a wani wuri, aikin shekara goma ya tafi, kuma babu injiniyan da zai dawo da shi. Duniya ta ga misalin haka ranar 19 ga Yulin 2024, lokacin da wani gurɓataccen sabuntawa daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5. Jiragen sama suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka tsaya cik. Gyaran kansa mai sauƙi ne, fayil ɗaya za a goge. Amma a duk kwamfutar da ke da BitLocker, sai an buga lambobi 48 kafin a kai ga fayil ɗin, kuma wasu ofisoshin sabar da suka adana lambobin ita ma tana cikin waɗanda suka faɗi. Wanda ya ga wannan rana ba zai ce ajiye safaya wauta ba ce.

Inda nake ganin laifin shi ne yadda aka ajiye ta. Ajiya amana ce, kuma amana da sanin mai kaya ake karɓarta. Yawancin masu Windows na gida ba a taɓa tsayar da su aka ce musu, ga mukullinka, ka zaɓa: ka buga shi a takarda, ka sa a filash, ko mu riƙe maka. Wannan zaɓi yana nan, amma ga mai Windows Pro ne, samfurin da ya fi na gida (Home) tsada, wanda ya kunna BitLocker da hannunsa. Na biyu kuma, wanda ya fi muni, kamfanin yana riƙe lambobin a yanayin da shi kansa zai iya karantawa. Ba dole ba ne a yi haka. WhatsApp tun 2021 ya ba da damar kulle ajiyar hirarraki da kalmar sirri ko da mukulli mai lamba 64, ta yadda kamfanin ba ya iya buɗewa. Apple a Disambar 2022 ya fito da tsarin da yawancin abin da ke iCloud, ma'ajiyarsa ta intanet, sai na'urorin mai shi ke buɗewa, kuma FileVault, kwadon kwamfutocinsa na Mac, ya daɗe yana ba mutum damar riƙe mukullinsa da kansa. Kamfanin da ba ya iya karanta abu, ko an kawo masa sammaci babu abin da zai miƙa.

Wani zai ce, ai waɗanda aka kama a Guam zargin sata ake musu, ni kuwa ba ni da abin ɓoyewa. Wannan magana tana manta abu biyu. Ƙofar da aka buɗe wa kotun Amurka ba ta san Amurka ba. Microsoft yana kasuwanci a kusan kowace ƙasa, kuma kowace gwamnati tana da kotunanta da takardunta, har da waɗanda ke ɗaure ɗan jarida kan rubutu. Ita kanta Amurka ta yi doka a 2018, wadda ake kira CLOUD Act, da ke ba ta ikon neman bayanai daga kamfanoninta ko da a wata ƙasa aka adana su. Abu na biyu, rumbun da aka tara mukullan miliyoyin mutane abin kwaɗayi ne ga ɓarayi. A 2023 wasu masu kutse da aka danganta da Sin sun sace wani mukullin sa hannu na Microsoft, suka karanta saƙonnin imel na manyan jami'an gwamnatin Amurka, kwamitin binciken gwamnati kuma ya ɗora wa kamfanin laifin sakaci. Ba mukullan BitLocker aka sata ba a wannan karon, amma ya nuna gidan ba ya gagarar shiga. Sannan ba sai an fasa kamfanin ba. Wanda ya yaudare ka ya karɓi kalmar sirrin asusunka, zai ga lambobin nan a shafin na'urorinka kamar yadda kai za ka gan su.

Gaskiya ne sai mutum ya haɗa abu biyu kafin ya ci riba, lambobin da kuma ita kanta ma'ajiyar. Wannan yana rage haɗarin ƙwarai ga mafi yawan mutane. Bai rage shi ba ga lauya, ko ɗan jarida, ko ma'aikacin ƙungiyar kare haƙƙi, wanda ƙwace masa kwamfuta a filin jirgi ko a ofis ba abin mamaki ba ne.

A wajenmu akwai ƙarin wata matsala da ba a cika tattaunawa ba. Yawancin kwamfutocinmu na hannu ne, kuma wanda ya sayar ko mai gyara shi ke ɗora Windows. In saitin ya nemi asusun Microsoft, mai saye kuma ba shi da shi ko yana sauri, sai a sa na shago. Ba da mugun nufi ba, don aiki ya tafi ne. Sakamakon shi ne mukullin ko-ta-kwana na kwamfutarka yana asusun wani da wataƙila ka manta sunansa. Ranar da shuɗin allo ya fito, in ka dace ka same shi, in ba ka dace ba sai fomatin. Wannan ya fi kusa da mu fiye da FBI nesa ba kusa ba. Duk mai Windows ya kamata yau ya shiga asusunsa na Microsoft, sashen na'urori, ya duba ko lambobin suna nan. In ma'ajiya a kulle take amma ba su nan, to suna wani wuri.

Abin da Linux ke bayarwa

Ƙaura zuwa Linux ta samu ƙarin dalili tun ranar 14 ga Oktoban 2025, da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a tsarin da aka saba. Miliyoyin kwamfutoci masu lafiya ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, kuma irinsu ne suka cika kasuwanninmu. Ga masu su, nau'o'in Linux irin su Linux Mint ko Ubuntu ko Fedora hanya ce ta ci gaba da samun sabuntawar tsaro ba tare da sayen sabuwa ba.

Kwadon Linux sunansa LUKS, Clemens Fruhwirth ya tsara shi a 2004. Fasalinsa bai yi nisa da na BitLocker ba: babban mukulli a cikin akwati, akwatin da ƙofofi. Tsohon tsarinsa yana da gurbi 8, sabon yana kaiwa 32, kuma kai ke yanke abin da za a sa a kowane gurbi, kalmar sirri ce ko wani fayil a filash. Babu asusun da ake shiga, babu sabar da ake tura komai. Manhajar a buɗe take, duk mai ilimi zai iya karanta yadda aka rubuta ta. Ga wanda damuwarsa ita ce kada wani kamfani ya riƙe masa safaya, wannan ya warware matsalar daga tushe.

Sai dai a yawancin nau'o'in Linux, kulle ma'ajiya zaɓi ne da ake dannawa lokacin ɗorawa, kuma ba a danne yake zuwa ba. Wanda ya yi ta latsa "ci gaba" har ƙarshe zai tashi da ma'ajiya a buɗe. Ya gudu daga gidan da maƙeri ke riƙe da safaya, ya tare a gidan da ba ƙyaure. In aka sace wannan kwamfuta a tasha, ɓarawon ya fi samun sauƙi fiye da in Windows ce. Kuma kullewa bayan an gama ɗorawa aiki ne mai wuya da haɗari. Mafi yawan mutane sai sun sake daga farko.

Wanda ya kulle kuma, nauyin duka ya dawo wuyansa. A tsarin da aka saba, babu maigadin da zai buɗe masa shiru. Duk kunnawa sai ya buga kalmar buɗe ma'ajiya. Ƙarfin kwadon ya zama daidai da ƙarfin wannan kalma. Sabon LUKS yana amfani da wata dabara mai suna Argon2 da ke sa kowane gwaji ya ci lokaci da ƙwaƙwalwar kwamfuta, don a gajiyar da mai cinke. Duk da haka, sunan ɗanka da shekarar haihuwarsa ba za su yi kwana ɗaya ba. Kalmomi shida ko bakwai da ba su da alaƙa da juna sun fi, kuma Hausa tana da wadatarsu. In ka manta kuwa, babu lambar wayar da za ka kira. Haka nan in 'yan megabait ɗin farkon ma'ajiyar, inda akwatin yake, suka lalace, ko kalmar tana bakinka ba za ta yi amfani ba, sai in ka taɓa kwafe wannan ɓangare ka ajiye a wani wuri. Umarni ɗaya ne ke yin kwafin, amma kaɗan ne ke yi.

Akwai kuma batun da muke kauce wa faɗa. Mutuwa ba ta sallama. Magidancin da takardun filayensa da lissafin bashin da ake binsa da wanda yake bi ke cikin kwamfutar da shi kaɗai ya san kalmarta, ya bar wa magada rigima. Takarda a ambulan, a hannun wanda aka yarda da shi ko a inda ake ajiye takardun gida, ita ma safaya ce. Bambancinta da ta Microsoft shi ne kai ka zaɓi mai riƙon.

Wasu abubuwan kuma babu babbar manhajar da ke maganinsu. Kwamfutar da ke kunne, ko wadda aka rufe murfinta kawai tana barci, mukullinta na cikin ƙwaƙwalwarta. Masu bincike a Jami'ar Princeton sun nuna tun 2008 cewa ana iya tsamo shi daga can. Kwadon yana aiki sosai ne idan an kashe ta ɗungurungum. Fayilolin da ka riga ka tura OneDrive ko Google Drive suna nan inda suke, ko da ka goge Windows sau goma. Doka ma tana iya zagayowa ta kanka: a Birtaniya kotu na iya tilasta wa mutum ya ba da kalmar sirrinsa, in ya ƙi a ɗaure shi har shekara biyu, ko biyar in batun tsaron ƙasa ne. Ita dai Birtaniyar ce ta matsa wa Apple lamba har ya janye tsarin nan nasa na cikakken kullewa daga ƙasar a Fabrairun 2025.

Tsakiyar kogi

Lokacin da aka fi yin asara shi ne lokacin tsallakawa, kuma dalilin yana komawa kan maigadin nan TPM. Wanda zai gwada Linux yakan fara da shiga saitin allon kwamfuta ya kashe Secure Boot, tsarin da ke hana manhajar da ba a tantance ba tashi, ko ya canza jerin abin da ke fara tashi, ko ya ɗora Linux a gefen Windows don ya riƙa zaɓa. Kowanne daga cikin waɗannan yana iya canza fuskar da maigadi ya haddace. Sai mutum ya dawo zai shiga Windows ya kwashi kayansa, ya ci karo da shuɗin allo. In bai taɓa sanin akwai BitLocker ba, bai kuma san asusun da aka yi amfani da shi ba, nan ne kuka ke farawa. Shi ya sa manhajar ɗora Ubuntu ta daɗe tana tsayar da mutum idan ta ga BitLocker. Saboda haka abin da za a fara yi, kafin a taɓa komai, shi ne a rubuto lambobin 48 a takarda, a kuma kwafe muhimman fayiloli zuwa wata ma'ajiya ta daban, a buɗe su a wata kwamfutar a tabbatar sun kwafu.

Tarkon da ya fi kama ƙwararru shi ne ma'ajiya ta biyu. Mutum yana da wata ma'ajiyar a cikin kwamfutar ko ta waje wadda BitLocker ya kulle, amma kullum tana buɗewa da kanta, har ya manta a kulle take. Abin da ke buɗe ta yana zaune ne a cikin Windows ɗin da yake shirin gogewa. Ya goge Windows, ya ɗora Linux lafiya, ya jona ma'ajiyar da ya tara komai a ciki, sai ta nemi mukulli. Kowace ma'ajiya da nata lambobin 48 daban. Linux yana iya buɗe ma'ajiyar BitLocker, manhajar cryptsetup ta samu wannan damar tun 2020, akwai kuma wata mai suna dislocker, amma dukkansu sai an ba su kalmar sirri ko lambobin.

Wanda ya yanke shawarar goge Windows gaba ɗaya ba ya buƙatar kwance BitLocker tukuna. Kwancewa na nufin a sake rubuta duk bayanansa a fili a jikin ma'ajiyar, kuma ma'ajiyoyin zamani na SSD ba sa goge abu nan take yadda ake zato. In ya bar su a zaurance ya ɗora Linux a kai, abin da ya rage a ƙasa tarkace ne da ba mai karantawa. Wanda zai zauna da biyun a kwamfuta ɗaya kuwa, ya shirya wa ɗan tashin hankali lokaci zuwa lokaci. A Agustan 2024 wani sabuntawar tsaro na Windows ya hana Linux tashi a kwamfutoci da yawa masu manhaja biyu, duk da an ce ba zai shafe su ba. Ga fayilolin da ake so a riƙa buɗewa ta kowane ɓangare, VeraCrypt, wata manhajar kullewa mai zaman kanta, yana aiki a Windows da Linux da Mac, kuma ba ya tura mukulli ko'ina. 

Ba kowa ne zai iya ƙaura ba, kuma ba na ganin laifin wanda ya zauna. Akanta da manhajar aikinsa ba ta tashi sai a Windows, ko ɗalibin da makarantarsa ta wajabta wata manhaja, ba za a ce su bar abincinsu ba. Mai Windows Pro yana iya karɓe mukullinsa ba tare da ya tafi ko'ina ba. Goge lambobin daga asusun Microsoft kaɗai bai wadatar ba, domin tsofaffin lambobin suna nan suna aiki a jikin ma'ajiyar, kuma ba ka da hanyar tabbatar da cewa babu sauran kwafinsu a rumbun kamfanin. Sai an soke su an ƙirƙiro sababbi, ko a kwance BitLocker a sake ɗaurawa, sannan da aka tambayi inda za a ajiye a zaɓi takarda ko filash. In aka ƙara da lambar sirrin da ake bugawa kafin Windows ya tashi, maigadin ba zai ƙara sakin mukulli don ganin fuska kawai ba, wanda hakan ke toshe wata hanyar da aka nuna ana satar mukullin daga wayoyin allon wasu kwamfutoci da kayan aiki masu arha.

Mai Windows Home shi ne aka fi ƙuntata wa. In ya kashe kullewar ya sake kunnawa ta hanyar da aka tanadar masa, sababbin lambobin ma asusun za su koma. Zaɓinsa shi ne ya biya kuɗin hawa zuwa Pro, ko ya kulle da VeraCrypt, ko ya ƙaura, ko kuma ya bar mukullin a inda yake da saninsa, ya ƙarfafa asusun da tantancewa mai mataki biyu. Ga ɗan kasuwar da abin da yake tsoro shi ne ɓarawon jaka da ƙonewar allo, wannan na ƙarshen ba mummunan zaɓi ba ne, matuƙar asusun nasa ne ba na mai shago ba, kuma lambobin 48 suna rubuce a takarda a gida.